Yadda Misrawa Suka Koya wa New York Kalmar Halal

A shekarar 1965 Amurka ta sauya dokarta ta shige da fice, ta soke tsarin da ya fifita Turawa. Daga nan Misrawa suka riƙa kwararowa birnin New York. Da yawansu suka zauna a unguwar Astoria, inda wani yanki na titin Steinway ya cika da gidajen abinci da na shayi har aka raɗa masa suna Ƙaramar Masar.

Sai dai a bakin titi abincinsu ya yi suna. A 1990 wasu Misrawa uku suka kafa amalanken sayar da abinci a titi na 53 a Manhattan. A lokacin, direbobin tasi Musulmi masu kwana aiki suna shan wuyar samun naman halal da tsakar dare. Ganin haka, masu amalanken suka koma dafa shinkafa da kaza da gasasshen nama. Wannan amalanke ne ya zama The Halal Guys, mai rassa a ƙasashe da dama.

Nasarar ta zo da nata tsadar. A yau idan ɗan New York ya ce "halal", galibi farantin shinkafa yake nufi, ba hukuncin yanka ba, kuma rubuta kalmar a allon shago ba wuya. A 2005 jihar ta kafa dokar da ta wajabta wa masu sayar da abinci da sunan halal su yi rajista, su bayyana wanda ya tantance musu. Dokar ba ta yin fatawa. Yarda da mai tantancewar ta rage ga mai ci.