Cajin Waya Ba Waya: Tarihin Yadda Aka Sasanta Kan Faifan Caji



A Hausa, abin da muke kira da shi waya ce, igiyar da ke kai masa wuta ita ma waya ce. Shi ya sa in muka ce "cajin waya ba waya" sai maganar ta zama kamar kacici-kacici. Abin da muke nufi shi ne ɗan faifan nan da ake ɗora waya a kai ta kama caji ba a soka mata komai ba. Da yawanmu mun san wanda ya saye shi da murna, ya kai gida ya ɗora wayarsa, shiru kake ji. Wani kuma tasa ta kama, amma tana tafiyar hawainiya, bayanta ya yi zafi zau. Washegari sai a koma kasuwa a kama faɗa da mai shago. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, wayar ma haka. Jituwa ce babu a tsakaninsu, kuma wannan rashin jituwar yana da tarihi.

Tushen abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1831, a birnin Landan, Michael Faraday ya naɗa wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe ɗaya, ba tare da sun taɓa juna ba. Da ya saki wuta a naɗi na farko, sai ya ga wuta ta motsa a na biyu. Wutar da ke sauyawa a cikin naɗi tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayensa, shi kuma wannan ƙarfin yana tayar da wuta a naɗin da ke kusa. Har yau abin da ke faruwa ke nan idan muka ɗora waya a kan faifai. Akwai naɗin jan ƙarfe a cikin faifan, akwai wani siriri a ƙarƙashin bayan wayar, tsakaninsu 'yan milimita kaɗan.

Wanda ya so ya kai abin nesa shi ne Nikola Tesla. A 1901 ya fara gina wata hasumiya mai suna Wardenclyffe a tsibirin Long Island na Amurka, da kuɗin attajirin nan J. P. Morgan, dala 150,000. Burinsa ya aika saƙonni, daga baya har wutar lantarki, zuwa nesa ba da igiya ba. A ƙarshen shekarar ne Marconi ya riga shi tsallakar da saƙon rediyo ta tekun Atlantika da kayan aiki masu sauƙin kuɗi. Morgan ya ƙi ƙara ko sisi, aikin ya tsaya, aka rushe hasumiyar a 1917 don biyan bashi. Abin da ya tabbata bayan haka shi ne ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri da zarar an ja da baya, don haka dabarar ta fi aiki a kusa da kusa. Inda ta fara shiga gidajen mutane sosai ma wuri ne mai ƙanƙanta, wato burushin wanke baki mai batir, wanda ake ajiyewa a makewayi inda ruwa da tsirarar waya ba sa ga maciji.

Da wayoyin zamani suka fara shanye batir kafin la'asar, sai kamfanoni suka tuna da Faraday. A 2009 wayar Palm Pre ta fito da cajarta mai suna Touchstone, abin sha'awa, amma ba ta cajin wayar kowa sai ta gidansu. Nan matsalar ta bayyana. Kafin faifai ya saki wuta, dole wayar ta gaya masa ko ita wace ce, wuta nawa take buƙata, da lokacin da ta ƙoshi. In ba su jin yaren juna, ba caji. A watan Disamba na 2008 wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar Wireless Power Consortium don a samar da yare guda, suka fitar da shi a 2010 da sunan Qi. Ana furta shi "ci", kalmar Sinanci ce mai nufin ƙarfin rai da ke gudana a jiki. Ƙarfinsa na farko wat 5 ne. A 2012 Nokia Lumia 920 da Nexus 4 suka fito da shi a cikinsu.

Sai dai a shekarar ce kuma kishiyoyi biyu suka shigo. Kamfanin Powermat da masu batirin Duracell suka kafa PMA, su Qualcomm da Samsung kuma suka kafa wata ƙungiyar mai tsarin da ta kira Rezence. Kowa na so nasa ya zama na duniya, mai saye ne ya kwana a ciki. A 2014 shagunan shayi da gahawa na Starbucks a Amurka suka fara dasa faifan Powermat a teburansu, mai wayar Qi ya zauna ya ɗora, ba abin da ya faru. A 2015 kamfanin IKEA ya fitar da tebura da fitilu masu Qi. Samsung kuwa ya ƙi zaɓa, ya sa duka Qi da PMA a cikin Galaxy S6. A wannan shekarar kishiyoyin biyu suka haɗe suka zama AirFuel.

Apple ne ya raba gardama. A watan Satumba na 2017 ya fitar da iPhone 8 da iPhone X da tsarin Qi, ya sauya musu baya daga ƙarfe zuwa gilashi, domin bayan ƙarfe yana tare ƙarfin maganaɗisu. Kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. A watan Janairu na 2018 Powermat da kansa ya shiga ƙungiyar Qi. Daga Faraday zuwa wannan rana shekara 187 ke nan. Ilimin ya daɗe a hannu, yarjejeniya ce ta yi wuya.

Duk da haka sasantawar ba ta kai ko'ina ba. An yarda a kan mafi ƙarancin caji, amma gudu kowa ya riƙe nasa. An ɗaga Qi zuwa wat 15, amma iPhone a kan faifan Qi na da ba ta wuce wat 7.5. OnePlus 9 Pro ta 2021 tana shan wat 50, sai dai a kan cajar kamfaninta kaɗai. Ga kuma matsalar saiti, domin in naɗin waya ya goce daga kan naɗin faifai, wutar da ya kamata ta shiga batir sai ta zama zafi. A 2020 Apple ya zagaye naɗin iPhone 12 da zoben maganaɗisu mai suna MagSafe, wayar na manne faifan daidai wurin. Ƙungiyar Qi ta ɗauki wannan dabarar ta sanar da Qi2 a Janairun 2023, mai wat 15, a 2025 kuma aka kai shi wat 25.

To, da wannan tarihin a hannu, me za mu duba kafin mu fitar da kuɗi?

Farko, wayar kanta. Faifai ba ya cajin wayar da ba ta da naɗi a ciki, komai tsadarsa. Duk iPhone daga 8 zuwa sama tana da shi, iPhone 7 zuwa ƙasa babu. Manyan Samsung na jerin S suna da shi tun daga S6, amma mafi yawan na jerin A ba su da shi. Yawancin ƙananan wayoyin da suka cika kasuwanninmu, irin su Farm Centre a Kano, ba su da shi, sai 'yan kaɗan kamar Infinix Note 40. Bayan gilashi ba hujja ba ne. Mu nemi cikakken sunan wayar mu karanta bayananta. Akwai wani siririn naɗi da ake maƙalawa a bayan waya a soka bakinsa a ramin caji, yana aiki, amma a hankali, kuma ya toshe ramin.

Na biyu, tambarin Qi ko Qi2 a jikin kwali. Faifan da aka tantance yana gane in tsabar kuɗi ko makulli ya shiga tsakaninsa da waya, sai ya yanke wuta kafin ƙarfen ya yi zafi. Wanda ba a tantance ba, ba mu da tabbacin haka. Ƙungiyar tana da jerin kayan da ta tantance a intanet, kowa na iya dubawa. Araha ba ta ado.

Na uku, lambar wat. Caji yana tafiya ne da ƙarfin mafi rauni a cikin abu uku, wato waya, faifai, da kan cajar da ke jikin soket. Faifan MagSafe na farko sai da kan caja mai wat 20 yake ba da wat 15. In muka haɗa faifai mai ƙarfi da tsohon kan caja, mun yi asarar kuɗin.

Na huɗu, rigar waya da maganaɗisu. Riga mai kauri, ko mai ƙarfe, ko mai katin banki a baya, tana iya hana caji. Wasu wayoyin kuma, kamar Galaxy S25, suna jin yaren Qi2 amma ba su da maganaɗisu a jikinsu, sai an saya musu riga mai shi. Pixel 10 tana da nata a ciki.

Na ƙarshe ya fi shafarmu. Cajin faifai ya fi na igiya ɓarnar wuta, abin da ya ɓata kuma zafi yake zama, zafi kuwa shi ke tsufar da batir. A watan Afrilu, a ɗakin da ba fanka, waya za ta rage gudun cajinta da kanta don ta tsira. Wanda ke samun wuta awa biyu a rana, ko yake lallaɓa ƙaramin sola, igiya ta fi masa. Faifai na wanda wutarsa ke daɗewa ne, ko wanda ramin cajin wayarsa ya lalace alhali tana da naɗi a ciki.

Mafi sauƙin gwaji shi ne mu je shago da wayarmu a cikin rigarta, mu ce a ɗora mana ita na minti biyar. Mu ga ta kama, mu ga lambar ta motsa, mu taɓa bayanta mu ji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu haɗu a mako mai zuwa.