Jinsi da Zaɓin Salon Koyon Turanci: Nazari kan Ɗaliban Limawa, Minna

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken da aka yi kan bambancin maza da mata wajen zaɓin salon koyo, ta auna shi da yanayin ɗaliban Turanci a Limawa. Matsayarta ita ce bambancin ƙarami ne, kuma tarbiyya ta fi halitta tasiri a kansa.

Gabatarwa

Limawa unguwa ce mai mazaɓu biyu, Limawa A da B, a ƙaramar hukumar Chanchaga. Yaro a Minna yakan tashi da Hausa ko Nufanci ko Gwaranci, sai a aji yake karo da Turanci sosai. A garin nan hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO take, wadda aka kafa a 1999, kuma duk ɗalibin da ya rasa kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Shi ya sa hanyar koyar da darasin ta cancanci nazari.

Waiwaye kan Ayyukan Magabata

Reid (1987) ta tambayi ɗalibai 1,388 a Amurka, akasarinsu masu koyon Turanci, kan salo shida: gani, ji, motsa jiki, taɓawa, aikin rukuni da aikin kaɗaici. Ta gano maza sun fi mata son gani da taɓawa. Oxford da Nyikos (1989) kuwa, cikin ɗaliban jami'a kimanin 1,200, sun tarar mata sun fi yawan amfani da dabarun koyon harshe. Sai dai Hyde da Linn (1988), da suka tattara bincike 165, sun nuna ratar jinsi a ƙwarewar harshe ba ta wuce 0.11 ba a ma'aunin girman tasiri. Pashler da abokan aikinsa (2008) ma ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da ɗalibi da salon da ya zaɓa yana ƙara masa maki ba.

Tattaunawa

A unguwa irin Limawa, makarantar allo da Islamiyya suna horar da maza da mata kan sauraro da hadda tun suna ƙanana. Rabuwar a wajen aji take. Namiji yana yawo kasuwa da gidan kallon ƙwallo, kunnensa yana sabawa da Turancin baki. Mace kuwa zaman gida da kunya sukan hana ta ɗaga murya a ajin da aka gwama, ko da ta san amsa. Idan ta ce rubutu ta fi so, mai yiwuwa dariyar 'yan aji take gudu.

Kammalawa

Bai kamata malami ya raba darasi gida biyu, na maza da na mata ba. Abin da ya dace shi ne ya haɗa sauraro da karatu da wasan kwaikwayo a darasi guda, ya kafa ƙananan rukunoni inda ɗaliba za ta yi magana ba fargaba, ya kuma matsa wa maza kan rubutun insha'i.