SUBEB

SUBEB, suna, mace. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a Najeriya, mai sa ido kan makarantun gwamnati daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Ƙarfinta a kuɗi yake: tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa mai raba wa jihohi, amma jiha ba ta taɓa rabonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa. Wasu na cewa sharaɗin na cutar da yaran jihohi matalauta, kuma da gaskiyarsu, tunda biliyoyin naira kan kwanta a Abuja. Sai dai gwamnan da bai zuba nasa kason ba, da wuya ya bi sawun ɗan kwangila, balle ya tura sufeto ƙauye ƙirga malamai.