Faɗuwar da Ba Ta da Lada: Nazari a kan Kakar 2024 ta Ƙungiyar Besbol ta Chicago White Sox

Tsakure

A kakar 2024, ƙungiyar Chicago White Sox ta buga wasa 162 a babbar gasar besbol ta Amurka, ta ci 41, aka cinye ta a 121. Tun daga 1901 ba a taɓa samun ƙungiyar da ta sha kaye sau da yawa haka a kaka ɗaya ba. Wannan maƙala ta auna bayanai uku da aka saba bayarwa idan ƙungiya ta yi irin wannan faɗuwa, wato rashin sa'a, laifin koci da shawarar mahukunta. Ta gano cewa biyun farko ba su ɗauki kaso mai yawa ba, kuma abin da ya bambanta wannan faɗuwa da na baya shi ne ta zo a lokacin da doka ta riga ta rage ladan da ake samu daga faɗuwa.

Gabatarwa

Mai bin ƙwallon ƙafa yana bukatar sanin abu biyu kafin ya fahimci nauyin waɗannan alƙaluma. Na farko, besbol wasa ne da kusan kullum ake buga shi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma ba a tashi canjaras. Saboda yawan wasannin, har ƙungiya mafi rauni takan ci kusan kashi ɗaya cikin uku, mafi ƙarfi kuma takan sha kaye a kusan kashi ɗaya cikin uku. Na biyu, gasar ba ta da dokar sauka zuwa rukunin ƙasa. Abin da ya sami Kano Pillars a 2022 ba zai taɓa samun White Sox ba. Ko ta ƙare a ƙarshen tebur sau goma a jere, za ta dawo ta zauna a kujerarta cikin ƙungiyoyi 30. A tsari irin wannan, faɗuwa kan iya zama zaɓi, kuma tarihi ya nuna an sha zaɓar ta da gangan.

Hanyar nazari

An ɗauki alƙaluman kakar yadda suke a bayyane, aka auna su da ma'auni biyu da masu lissafin besbol suka yarda da su. Sannan aka kwatanta kakar da wasu huɗu: Cleveland Spiders ta 1899, Philadelphia Athletics ta 1916, New York Mets ta 1962, da Houston Astros ta 2011 zuwa 2013.

Rashin sa'a

Ma'aunin farko na Bill James ne, wanda ya lura cewa ana iya hasashen yawan nasarar ƙungiya daga makin da ta ci da wanda aka ci ta. Ana ninka makin da ta ci da kansa, a raba da jimillar wannan da makin da aka ci ta, shi ma an ninka shi da kansa. White Sox ta ci maki 507, aka ci ta 813. Lissafin ya ba da 257,049 a kan 918,018, wato kusan kashi 28 cikin ɗari, wanda a wasa 162 yake nufin nasara 45. Ta samu 41. Ke nan duk abin da za a iya jingina wa rashin sa'a bai wuce wasa huɗu ba. Da sa'a ta yi mata adalci, da ta sha kaye sau 117, ta tsira daga kafa tarihi, amma ba ta tsira daga kunya ba.

Ma'auni na biyu ya fi zafi. Masu lissafi suna ƙiyasta cewa idan aka tara ƙungiya daga 'yan wasan cike gurbi, irin waɗanda kowa zai iya ɗauka daga ƙananan rukunai a kan mafi ƙarancin albashi, za ta ci kusan wasa 48. White Sox ta gaza wannan da wasa bakwai.

Ba a musun cewa rauni ya taɓa ta. A cikin makonnin farko na kakar, Luis Robert Jr., Yoán Moncada da Eloy Jiménez, waɗanda su ne ƙashin bayan bugunta, duk sun ji ciwo, ƙungiyar kuma ta fara da nasara uku kacal a wasa 25. Sai dai kowace ƙungiya tana rasa 'yan wasa. Tambayar ita ce wa ke zaune a benci lokacin da babba ya faɗi, kuma wannan ba likita ke amsa ta ba.

Laifin koci

Daga 10 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta ƙungiyar ta sha kaye sau 21 a jere, ta yi daidai da abin da Baltimore Orioles ta yi a 1988. Ranar 8 ga Agusta aka sallami koci Pedro Grifol, da nasara 28 da kaye 89. Grady Sizemore ya riƙe ragamar sauran wasa 45, ya ci 13. A kallon farko an samu ci gaba, daga kashi 24 zuwa kashi 29. Amma biyar daga cikin 13 ɗin sun zo ne a wasanni shida na ƙarshe. Idan aka cire wannan mako, Sizemore ya ci takwas a wasa 39, ƙasa da abin da wanda aka kora ya yi. An sauya direba, motar tana nan yadda take.

Makon ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙungiyar ta dawo gida da kaye 120, saura ɗaya ta kafa tarihi, sai ta cinye Los Angeles Angels sau uku a jere. Wasu daga cikin 'yan kallon, waɗanda suka sayi tikiti don su shaida ranar da tarihi zai faɗi, suka riƙa yi wa ƙungiyarsu ihu saboda ta yi nasara, ana kuma rera kiran mai ƙungiyar ya sayar da ita. Kaye na 121 ya zo ranar 27 ga Satumba a Detroit, da ci 4 da 1, a wasan da ya ba Tigers gurbin shiga wasannin neman kofi. Wannan Tigers ɗin ce ta sha kaye sau 119 a 2003.

Shawarar mahukunta

A 2021 White Sox ta ci wasa 93, ta zo ta ɗaya a rukuninta. A 2022 ta ci 81, a 2023 ta ci 61. A Agustan 2023 mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, wanda ke riƙe da ita tun 1981, ya sallami manyan mahukuntanta, Kenny Williams da Rick Hahn, ya ɗaga Chris Getz zuwa babban manaja. Getz kuwa, kafin nan, shi ne ke kula da renon matasan 'yan wasan ƙungiyar, ɓangaren da daga gare shi ya kamata masu cike gurbi su fito. A Maris 2024 aka tura babban mai jifa, Dylan Cease, zuwa San Diego. A ƙarshen Yuli, ana tsakiyar dogon kayen nan, aka rabu da Erick Fedde, Michael Kopech da Tommy Pham. Kopech ya ƙare shekarar da zoben zakara a Los Angeles Dodgers.

Wannan ba sabon salo ba ne. A 1899, 'yan'uwan Robison masu Cleveland Spiders sun sayi wata ƙungiya a St. Louis, suka kwashe manyan 'yan wasansu har da Cy Young zuwa can. Spiders ta ci 20, ta sha kaye 134, aka rushe ta bayan kakar. Connie Mack, mai riƙe da ragamar Athletics, ya wargaza ta bayan 1914, a 1916 ta ci 36 ta sha kaye 117. Mets ta 1962 ce kaɗai ke da uzuri, domin sabuwar ƙungiya ce da aka haɗa da ragowar wasu. Abin lura ma, da kaso za a auna, 40 cikin 160 da ta ci ya ɗan gaza na White Sox. Tarihin yawan kaye ne kawai ya tashi daga Mets ya koma Chicago.

Astros ce ta mayar da faɗuwa jari. Ta sha kaye 106, 107 da 111 a shekaru uku a jere, tsohuwar doka kuma ta ba ta zaɓin farko na matasan 'yan wasa sau uku, inda ta samo Carlos Correa a 2012. A 2017 ta ɗauki kofi, duk da cewa daga baya an tabbatar ta yi maguɗin satar alamun abokan hamayya a wannan kaka. Masu ƙungiyoyi da dama sun ɗauki darasin: ka sayar, ka faɗi, ka tara matasa.

Dokar ƙuri'a

Yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta toshe wannan hanya. Yanzu zaɓi shida na farko ta ƙuri'a ake raba su tsakanin ƙungiyoyi 18 da ba su kai wasannin neman kofi ba, kuma ƙungiyar da ke cikin masu biyan kuɗi a asusun rabon kuɗin shiga ba ta cin zaɓi a ƙuri'ar shekara biyu a jere. White Sox tana cikin masu biya, kuma ta riga ta ci zaɓi na biyar a 2024. Mahukuntanta sun san da wannan tun kafin a yi jifan farko na kakar. A ra'ayin mai wannan nazari, a nan ne bayanin "sake gini" ya yi rauni: sayar da 'yan wasa ya kawo matasa a musanya, amma kaye 121 ɗin kansu ba su sayo komai ba.

A Disambar 2024 aka tura Garrett Crochet, wanda ya wakilci ƙungiyar a wasan taurari na wannan shekara, zuwa Boston Red Sox. A zaɓen matasa na 2025, White Sox ta yi zaɓi a matsayi na goma.