Daga Littafin Haraji zuwa Katin Zaɓe: Tarihin Ƙuri'a a Ƙasar Haɗeja

Tun kafin a san katin zaɓe a ƙasar Haɗeja aka san littafin haraji. Shi ne takarda ta farko da hukumar zamani ta zauna ta rubuta sunayen talakawa a cikinta, gida gida, unguwa unguwa. Duk mai son sanin dalilin da ya sa mutanen wannan yanki ke tururuwa ranar zaɓen shugaban ƙasa, amma su ɗaga kafaɗa ranar zaɓen kansila, daga wannan littafi ya kamata ya faro.

A watan Afrilun 1906, shekara uku bayan faɗuwar Kano, sojojin Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi. Sarki Muhammadu, wanda har yau ake kira Mai Shahada, ya rasu a fagen daga tare da manyan mayaƙansa da dama. Daga nan aka sa masarautar cikin Lardin Kano, aka kuma shimfiɗa mata tsarin En'e kamar sauran masarautun Arewa. An raba ƙasar gunduma gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikin gundumominsu, dagatai da masu unguwanni suka zama masu ƙidayar kawuna. Kowace shekara malamin haraji zai bi gari ya rubuta magidanta da samarin da suka isa biya, a ƙirga shanun Fulani saboda jangali, kuɗin su taru a baitulmali. Da jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori da Birniwa zuwa Nguru wajen 1930, cinikin gyaɗa ya ƙara sa kuɗi a hannun manomi, hukuma kuma ta ƙara samun abin karɓa.

Shigar suna cikin wannan littafi nauyi ne, kuma mai dabara ƙoƙari yake ya ɓoye ɗansa ko saniyarsa. Sai ga shi a 1951, da aka zo zaɓen farko a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, littafin da ake gudu shi ne ya zama ƙofar shiga siyasa. A Arewa, namiji baligi mai biyan haraji shi ke da ikon zaɓe. Zaɓen kuwa hawa hawa ne: mutanen ƙauye su fid da wakilai a bainar jama'a, waɗannan su taru a gunduma su zaɓi wasu, a haura har zuwa matakin lardi, inda ake tsayar da masu tafiya majalisar Kaduna. A matakin ƙarshe doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓe. Abin da ya faru a birnin Kano ya nuna amfanin wannan tsani ga masu mulki: jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a watan Agustan 1950, ta yi rawar gani a matakin farko, amma da aka kai ƙololuwa ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba.

Mai rubuta sunan talaka dagaci ne. Mai karɓar harajinsa dagaci ne. Wanda zai tsaya yana kallo sa'ad da yake nuna gwaninsa, shi ne dai. A bayan dagaci akwai hakimi, a bayan hakimi akwai En'e da 'yan dokarta da kotunan alƙalanta da gidan yarinta, kuma ita ce mai ba da izinin taron siyasa. A ƙasa irin ta Haɗeja akwai wata igiyar da ta fi waɗannan ƙarfi, wato fadama. Wanda noman raninsa ko wurin sunsa ko burtalin shanunsa ke hannun masu sarauta, zai yi dogon tunani kafin ya ɗaga hannu ga wanda ba su so.

An yi yunƙurin gyara tun a wancan zamani. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a sake duba tsarin En'e baki ɗaya, kuma daga wannan kira aka samu majalisun ƙauye da na gunduma, sannan dokar En'e ta 1954. Majalisun nan sun koya wa mutane zaman shawara a kan rijiya da kasuwa da hanya, sai dai shawara kawai suke bayarwa, akalar kuɗi na nan a fada. A zaɓen tarayya na Disambar 1959 aka yi ƙuri'ar asiri kai tsaye a dukkan Arewa, kowane ɗan takara da akwatinsa da alamar jam'iyyarsa, fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU. NPC ta kwashe kujeru 134 cikin 174 na Arewa.

A duk wannan tafiya babu mace ko ɗaya. Matan Kudu sun samu ƙuri'a tun cikin shekarun 1950, amma gwamnatin Arewa ta ƙi, duk da gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da suka sha a kai. Matan da ke turara shinkafar fadamar Haɗeja, masu bandar kifi da masu tallar nono, suna juya dukiya mai yawa a kasuwannin yankin, amma tun da ba sa cikin littafin haraji, ba sa cikin lissafin siyasa. Sai a 1976, a hannun gwamnatin soja, ƙofar ta buɗe musu.

Shekarar 1976 ita ce mararraba. Tun a ƙarshen shekarun 1960, bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Garambawul na 1976, wanda gwamnatin Obasanjo ta aiwatar, ya ƙarasa aikin: aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, aka ce mafi yawan kansiloli zaɓaɓɓu ne, aka mayar da majalisar sarki mai ba da shawara. Jihar Kano ta samu ƙananan hukumomi 20, ƙasar Haɗeja ta rabu biyu, Haɗeja da Kafin Hausa. Daga nan ne mulkin gari ya fara zama abin da talaka zai iya nema da ƙuri'arsa, aƙalla a takarda.

Bayan shekara uku sai aka yi abin da har yau tsofaffi ke ambata da murmushi. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na PRP, da hawansa mulki a 1979, ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Duk wanda ya ji labarin yadda ake shanya mutum a rana ko a sa shi sayar da akuyarsa saboda haraji ba zai yi jayayya da wannan mataki ba. Amma akwai abin da ya tafi tare da littafin. Hukumar da ke rayuwa da kuɗin mutanenta dole ta san su ɗaya ɗaya, su kuma suna da bakin tambayar inda kuɗinsu ya shiga. Daga wancan lokaci kuɗin ƙaramar hukuma ya koma zuwa daga sama, daga rabon arzikin man fetur, shugabanta kuma ya koyi kallon inda kuɗin ke fitowa. A zamanin Babangida kason ƙananan hukumomi ya haura zuwa kashi 20 cikin ɗari, kuma a wannan zamani aka gwada zaɓe iri iri, daga na ba jam'iyya a 1987 zuwa na bin layi a bayan hoton ɗan takara a 1990, wanda kusan ya mayar da mutane ga zaɓen bainar jama'a na kakanninsu.

Ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka sa hedikwata a Dutse. Wannan zaɓi bai kwanta wa mutanen Haɗeja ba, kuma neman jiharsu ta kansu ya ci gaba da tasowa duk lokacin da aka buɗe maganar gyaran tsarin mulki. A yau masarautar na da ƙananan hukumomi takwas cikin 27 na jihar: Auyo, Birniwa, Guri, Haɗeja, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, waɗanda su ne mazaɓar sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas. Daga cikinsu ne gwamnan da aka zaɓa a 2023, Malam Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa, ya fito.

Tsarin mulkin 1999 ya yi wani rabo mai ban mamaki. Rajistar masu zaɓe aikin hukumar INEC ce ta tarayya, kuma kundi ɗaya ne ake amfani da shi a kowane zaɓe. Amma shirya zaɓen ƙananan hukumomi an bar wa hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, kuɗin ƙananan hukumomin kuma ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi. Sakamakon ya zama iri ɗaya a kusan dukkan jihohin Nijeriya, ko wace jam'iyya ke mulki: ko dai a naɗa kantomomi, ko a yi zaɓen da jam'iyyar gwamna za ta share fage. Ɓangaren rajista ya yi ta samun ci gaba, daga ɗaukar hoton yatsa a 2011, zuwa katin dindindin da na'urar tantance shi a 2015, zuwa BVAS a 2023. Jigawa ta shiga zaɓen 2023 da masu rajista sama da miliyan biyu da dubu ɗari uku, kuma tana sahun gaba a jihohin da mutanensu suka fi fitowa, a shekarar da bai kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajistar ƙasar suka jefa ƙuri'a ba. Saboda haka ba za a zargi mutanen nan da rashin son zaɓe ba. Sun dai san zaɓen da ake ƙirgawa da wanda an gama rubuta sakamakonsa tun kafin a fito.

Akwai kuma kogi, wanda shi ne ainihin mai mulkin wannan ƙasa. Ruwan da ke cika fadamun Auyo da Kiri Kasamma da Guri daga tuddan kudancin Kano yake gangarowa, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, yawansa da lokacin zuwansa sun koma hannun injiniyoyi. Tsarin mulki ya ce ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya na gwamnatin tarayya ne, don haka Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ofishinta ke Kano, ita ke buɗe ƙofofin. A da kogin kan cika da damina ya janye da rani, ya bar danshi ga manomi da ciyawa ga makiyayi. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, sai kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka yi ta nutsewa, wasu a ƙasa da su suna kukan ƙishirwa. Ambaliyar 2001 da ta 2012 da ta 2020 da ta 2022 duk sun bar tabo a gonakin shinkafa da gidajen ƙasa. Babu kansila ko shugaban ƙaramar hukumar da ke da ta cewa a kan ranar da za a saki ruwan Tiga. Abin da ya fi shafar rayuwar mai ƙuri'a yana can nesa da akwatin da ya fi kusa da shi.

Wannan giɓi mutane suka cike da aikin gayya. Duk shekarar da kogi ya kawo, matasan Haɗeja da na garuruwan bakin ruwa kan fito da buhuna da shebur su ɗaga jinga, 'yan kasuwa su kawo kuɗin buhu da abinci, a kwana ana gadi. Ƙauyuka kan haɗu su shiga ruwa da lauje su sare kachala don buɗe hanya. Nan akwai shugabanci da tara kuɗi da rabon aiki da bin bahasi, wato duk abin da ake nema daga majalisar ƙaramar hukuma, sai dai ba a rubuta shi a doka ba, kuma yakan watse da janyewar ruwa. A shirin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda aka gyara da tallafin Bankin Duniya aka kuma buɗe a farkon 2023, an tsara ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: manomi ya shiga kundi, ya biya kuɗin ruwa, ya zaɓi shugabannin da za su kula da magudanai. Tsohon ƙulli ne ya dawo a ƙaramin fili, suna da biya da murya a wuri ɗaya, ba tare da bulalar dogari ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. Jihohi suka yi ta gaggawar shirya zaɓe. Jigawa ta yi nata a watan Oktoba na wannan shekara, jam'iyyar APC mai mulki ta ɗauke kujerun shugabanni 27 duka, kamar yadda jam'iyyun da ke mulki suka yi a yawancin jihohi. Aiwatar da biyan kai tsaye kuwa ya yi ta jan ƙafa. Hukuncin bai taɓa hukumomin zaɓe na jihohi ba, domin cire su sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun dokoki na jihohi 24 sun amince, majalisun da galibinsu ba sa tsallake maganar gwamnoninsu.

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa abin da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota, kwashe shara, maƙabartu, titunan cikin gari da magudanun ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da asibitocin shan magani. A garin da ke kwance a bakin kogi kamar Haɗeja, mai kasuwar kifin da ake zuwa saye daga nesa, magudanar da ta toshe a watan Agusta na iya cinye unguwa guda. Wannan aiki na kansila ne da shugabansa, kuma katin da ake zaɓensu da shi shi ne dai wanda aka sha layi a ofishin INEC aka yanka saboda zaɓen shugaban ƙasa.