Ƙashin Ƙugun Tsuntsaye da Tarihin Rarraba Su

Ƙugun tsuntsu ƙasusuwa uku ne a kowane gefe: na sama, wanda ya manne da ƙashin baya, da na baya, da kuma siririn na ƙasa da masana ke kira fubis. A kaza da zabo bakunan fubis biyun ba sa haɗuwa, ƙwai ke wucewa ta tsakaninsu. Shi ya sa mai kiwon kaji a Bodinga ko Shagari kan sa yatsu a wurin ya gane ko kaza ta fara ƙwai. A tsuntsayen da ke raye, jimina kaɗai ce nata suka haɗe.

Ruɗanin da ya cika littattafai game da ƙugun tsuntsu ya faro a 1887, lokacin da Harry Seeley na Ingila ya raba dabbobin dainaso gida biyu. Waɗanda fubis ɗinsu ya nufi gaba ya kira su Saurischia, masu ƙugun ƙadangare. Waɗanda nasu ya karkata baya kamar na tsuntsu kuwa, Ornithischia. Har yau masu karatu da yawa na ɗauka daga na biyun tsuntsaye suka fito. Daga na farkon ne, reshen masu cin nama. Bayanin John Ostrom kan Deinonychus, ɗan wannan reshe, a 1969, da nazarce-nazarcensa na shekarun 1970, su suka ƙarfafa wannan ra'ayi: a wannan reshe ma fubis ya juya baya, a hankali, ta hanyarsa daban. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Hamadar Nijar na da shaidar gidajen biyu. A Gadoufaoua, kudu maso gabas da Agadas, aka tono Ouranosaurus mai cin ganye, wanda Philippe Taquet ya bayyana a 1976. Ƙugunsa irin na tsuntsu ne, amma Suchomimus da Paul Sereno ya bayyana a 1998 daga yankin, mai ƙugun ƙadangare, ya fi shi kusanci da zabo.

A cikin tsuntsayen kansu, William Pycraft ya ware dangin jimina daga saura a 1900, bisa ƙasusuwan rufin baki. Ƙugu ya goyi bayansa: a mafi yawan dangin jimina ratar da ke tsakanin ƙashin sama da na baya a buɗe take, a kaza kuma ta rufe ta zama rami.

A 2017 Matthew Baron da abokan aikinsa sun ƙalubalanci rabon Seeley, kuma masana ba su daidaita a kai ba.