Daga Zauren Sarkin Magina Zuwa Takardar Jinga

Duk wanda ya taɓa gina gidan kansa yana da ƙorafi a kan ma'aikata, mu ma da muke cikin sana'ar muna da namu a kan masu gida. Wannan ya ce birkila ya karɓi kafin alƙalami ya tafi wani aikin, wancan ya ce Alhaji ya sauya magana bayan an kai linta, ya kuma riƙe cikon kuɗi. Ni ɗan gidan magina ne a cikin birnin Kano. Kakana da ƙasa ya yi aiki har ya bar duniya, mahaifina ya fara da ƙasa ya ƙare da siminti, ni kuwa cikin bulo da rodi na buɗe ido. Saɓani yana nan a duk zamunnan uku. Abin da ya ɓace mana a hanya shi ne mutum na uku, wanda ya san aikin, kuma maigida da magini duka suka yarda da hukuncinsa tun kafin a yi faɗan.

A zamanin ginin ƙasa, aiki na rani ne. Bayan an gama kaka sai a ɗebo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya. Magini yana zaune bisa bango, yara suna jefa masa tubali daga ƙasa, in ya hau sahu kaɗan sai ya sauko a bar shi ya sha iska. Azarar giginya ce rufi, gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyi in faɗi ya wuce wajen ƙafa shida, shi ya sa gwanaye suka ƙware a ɗaurin guga da bakan gizo don soro ya yi faɗi. A ƙarshe a shafe da makuba, mai hali kuma ya sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

Ba magini kaɗai ya san wannan ba. Maigida da kansa yake yaɓe duk shekara kafin damina, saboda haka ya san ƙasa mai kyau in ya murza ta. Babu abin da yake ɓoye a ginin ƙasa, abin da ido bai gano ba kuma ruwan Agusta zai tona shi. Ga shi maginin ɗan unguwa ne, an san ubansa, an san zauren da yake zama. Wanda ya yi ha'inci a Gwammaja, kafin sati labari ya kai Yakasai.

Bayan wannan akwai Sarkin Magina. Sarki ne yake naɗa shi, shi yake tara magina in za a gyara fada ko masallacin Juma'a ko ganuwa, shi kuma ake kai wa ƙara in an saɓa. Darajar sana'ar ta kai inda Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, aka san shi da Babban Gwani, har yau kuma unguwar zuriyarsa da wannan suna ake kiran ta. Mahaifina yakan ba mu labarin yadda Sarkin Magina yake yin shari'a. In bango ya tsage bayan ruwan farko, dattijon zai zo da kansa ko ya aiko wakili. Zai ɓalli ɗan guntu ya murje a tafin hannu, ya duba ko akwai ciyawa isasshiya, sannan ya tambayi magini, "Kwana nawa ƙasar nan ta yi a kwaɓe?" Ya juya wajen maigida, "Malam, wa ya ce a ɗora azara bango bai bushe ba?" In gaggawar magini ce, zai sake aikin ba lada. In maigida ne ya matsa saboda biki ya ƙarato, shi zai sake sayen kaya. Kafin la'asar an gama, an yi fatiha, an raba goro. In magana ta fi ƙarfin nan ta je gaban alƙali, shi ma masana sana'ar zai aika su gano masa, domin fiƙihun Malikiyya yana komawa ga al'adar masu sana'a a inda ba a yi sharaɗi ba, Risala kuma ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya tafi da su.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti da katako suka biyo shi. Ma'aikatar ayyuka ta Turawa da ta En'e suka horar da sabbin ma'aikata, aka sami birkila da kafinta da heluma mai kula da leburori, wasu 'yan gida, wasu daga kudu suna zaune a Sabon Gari. An buɗe kamfanin siminti na Nkalagu a 1957, na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979. Amma shekarun 1970 ne suka juya komai. Kuɗin fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikaci ya fara mafarkin gidan bulo, a 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas wata da watanni. Sabbin unguwanni suka tashi a bayan ganuwa. Duk yaron da ya iya riƙe cokali wata shida sai ya zama birkila, domin aiki ya fi ma'aikata yawa.

Abubuwa uku suka faru a lokaci guda. Na farko, aikin ya ɓuya. Da zarar an zuba kankare babu mai sanin rodi nawa ne a cikin fila, ko mai milimita 16 aka sa ko mai 12, filasta kuma tana rufe bulon da aka buga sittin daga buhu guda maimakon talatin da biyar ko arba'in. Ruwan bana ba zai tona wannan ba, sai bayan shekaru. Na biyu, sana'ar ta rarrabu. Gidan da magini ɗaya da yaransa suke gamawa, yanzu yana buƙatar birkila, mai ɗaurin rodi, kafinta, mai walda, mai wayarin, mai famfo, mai tayil da mai fenti, kowa in an sami matsala yana nuna wanda ya riga shi. Na uku, jinga ta maye gurbin ladan yini tsakanin mutanen da ba su san asalin juna ba. Mai haƙa fandisho ɗan ci-rani ne daga Damagaram ko Maraɗi, mai tayil daga Kwatano ko Togo, maigidan kuma yana Abuja ko Jidda yana turo kuɗi ta hannun ƙanensa.

Hukuma ta kafa nata tsarin: majalisar rajistar masu zanen gini a 1969, ta injiniyoyi a 1970, ta ƙwararrun magina a 1989, ga kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Suna da amfani a babban aiki. Amma malamin makarantar da yake gina ɗaki uku da falo a Rijiyar Zaki, bana fandisho baɗi linta, ba ya haɗuwa da ko ɗaya daga cikinsu, birkilansa ma ba ya cikin rajistar kowa. In suka saɓa, ofishin 'yan sanda ne abin da yake fara zuwa masa a rai, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Ban taɓa ganin ginin da ya ci gaba lafiya bayan mai aikin ya kwana a bayan kanta ba. Wanda za a kawo ya ƙarasa zai fara da kushe abin da ya tarar, ya ce a rushe rabi.

Tashin farashi ya ƙara dagula lamarin. Buhun simintin da ake saya wajen naira dubu biyar a 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024. Duk wanda ya karɓi jingar kaya da aiki kafin nan ya shiga uku. Masu tsoron Allah suka koma suka faɗi gaskiya, wasu suka gudu, wasu suka rage siminti suka ƙara yashi suka yi shiru. Shi ya sa yau nake ba kowa shawara ya sayi kayansa da kansa, ya yi jingar aikin hannu kawai.

Yawancin rigimar da ake kira na in raba ba ta sata ba ce. Ga irin wadda ta fi yawa. An zuba linta, sai maigida ya zo da iyali ranar Lahadi, uwargida ta ga tagar falo ta yi ƙanƙanta. Ya ce da birkila, "Malam, a ɗan faɗaɗa mana ita, ai ɗan gyara ne." Birkila ya ce, "To, ranka ya daɗe," domin yana jin nauyin yin maganar kuɗi a gaban iyalin mutum. Ɗan gyaran nan kuwa shi ne fasa linta, sare bulo, sabon rodi, sabon katako, yini biyu na mutum uku, ga firam ɗin da mai walda ya riga ya haɗa a tsohon awo. Ranar biya birkila ya ƙara kuɗi, maigida ya ce ai jinga suka yi. Kowannensu yana da gaskiya a wajen kansa, kalma ɗaya ce ba a faɗa ba a ranar da ya kamata: nawa ne?

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kafin a sa diga a ƙasa nake zaunar da kowa a rubuta abin da aka yi jinga a kai da abin da ba ya ciki, da Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, shaidu biyu su sa hannu. Ayar bashi ta cikin Baƙara ta ishe mu hujja, ba rashin yarda ba ne. A raba biya mataki-mataki: fandisho, zuwa linta, rufi, filasta, kada kuɗi ya riga aiki. A riƙe ɗan kaso, kamar ɗaya bisa goma, sai rufin ya ga ruwan sama na farko. Duk sauyin da ya taso, a yi cinikinsa kafin guduma ta taɓa bango. Maigida ko wakilinsa ya zo ya ƙirga rodi kafin a zuba kankare, a ɗauki hoto. A bar dekin da katakonsa aƙalla sati uku ana ba shi ruwa, ko da ranar tarewa ta matso. A cikin takardar kuma a rubuta sunan dattijo ɗaya ɗan sana'a, ko injiniya, wanda duka biyun suka amince in an saɓa shi zai zo ya duba, abin da ya faɗa ya zauna.

In saɓanin ya zo duk da haka, yadda aka buɗe baki shi ne rabin maganin. Kada a tsawata wa mai aiki a gaban yaransa, gobe ba za su ji maganarsa ba, aikinka ne kuma zai sha wahala. A ja shi gefe a ce, "Zo mu sa igiya a kusurwar nan tare." Igiya da ma'auni ba su da ɓangare. Kada kuma a riƙe kuɗin leburori saboda laifin ubangidansu, da ladan ranar suke cefane. In sulhu a wurin aiki ya gagara, akwai shugaban ƙungiyar masu sana'ar, akwai mai unguwa, akwai Hisba, akwai kotun ƙananan basussuka, bi da bi.

Mu 'yan sana'a ma da sauran aiki a gabanmu. Mu daina karya farashi don mu kama aiki muna shirin ƙari daga baya, mu daina riƙe gini uku da hannu biyu. Ƙungiyoyinmu na birkiloli da kafintoci su ajiye rajistar mambobi da wanda ya koya wa kowa aiki, yadda maigida zai iya zuwa ya tambaya kafin ya ba da kuɗinsa, su kuma ware dattawan da za su riƙa fita duba aiki in an kawo ƙara, ko da hukuncin zai faɗa kan ɗan ƙungiya. Sarautar magina tana nan a masarautu da dama. In aka haɗa ta da waɗannan ƙungiyoyi aka ba ta wannan aiki, mai gina gidansa da gumin albashi zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, magini mai gaskiya kuma zai sami wanda zai tsaya masa.